Ruwa Ga Shi, Kiwo Babu: Matsalar Abincin Shanu Lokacin Hunturu a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Maƙalar ta duba halin da shanun tatsa da shanun turka ke shiga daga ƙarshen kaka zuwa bazara a yankin Aikin Noman Rani na Kogin Kano, musamman Kura da Bunkure, tare da rugagen bakin birni na Kumbotso da ke dogaro da wannan yanki wajen abincin dabba. Ta ƙi amincewa da ra'ayi biyu da suka zama ruwan dare: cewa sanyin hunturu ne ke rame da shanu, da cewa makiyayin da ke kusa da kanal ya tsira daga wahalar rani. Abin da ta gano shi ne ƙarancin sinadarin gina jiki a cikin abinci da rufewar gonaki bayan girbi su ne tushen matsalar, kuma karan shinkafar da ake ƙonawa ko ake bayarwa yadda yake shi ne mafita mafi kusa.

Gabatarwa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aikin da aka ɗauko a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa yake gangarowa da kansa, ba da inji ba, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rabu gida biyu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashin farko na aikin an tsara shi ne a kan kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Albarkar da ya kawo ba ta ɓuya: shinkafar Kura, tumatirin Kwanar Gafan da Kadawa, alkama, albasa, masara. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: me ya sa saniyar da ke kwana a gefen wannan ruwa take fitowa daga rani da haƙarƙari a waje kamar wadda ta yi shi a tudu?

Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Binciken Tina Wallace na ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yadda amfanin aikin ya fi karkata ga masu jari. Littafin Gunilla Andrae da Björn Beckman, The Wheat Trap, na 1985, ya tuhumi hikimar zuba dukiya mai yawa don noman alkama. Duka biyun manomi da amfanin gona ne a gabansu. Shanu a gefe suka zo.

Inda nake da ja shi ne da masu ɗaukar darasin Michael Mortimore su shimfiɗa shi a kan Kura. Mortimore ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna yadda noma da kiwo ke riƙe juna: dabba ta ci harawa da kara, ta mayar wa gona da taki. Wannan gaskiya ne, kuma aiki ne da ba a raina shi. Amma gonar da ya yi magana a kanta gonar damina ce, wadda ke hutawa wata shida ko bakwai. Wannan hutun shi ne ginshiƙin zumuncin manomi da Bafulatani: an kwashe dawa, an saki gona, garke ya shigo ya ci karmami ya kwana ya bar kashi, wani lokacin har manomi ya ba da damin hatsi don a zauna masa. Gonar kanal ba ta san wannan hutu ba. Duk wanda ya ce yankin noman rani ya fi dacewa da haɗin noma da kiwo saboda yawan amfanin gona, ya ƙidaya abin da gona ke fitarwa ne, bai ƙidaya kwanakin da take a buɗe ba.

Haka nan akwai rubuce-rubucen koyarwa da ke kwaso matsalolin lokacin sanyi na Turai, irin su ɗumama garke da daskarewar ruwan sha, su sa musu sunan hunturu. Ba zan ɓata tawada a kansu ba.

Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar gani da ido da hira: ziyarar rugage da gidajen masu turka a Bunkure da Kura da wajen Panshekara da Zawaciki, da sassafe lokacin tatsa da kuma yamma lokacin dawowar garke, sai zama da masu sayar da dusa da harawa. An gwada abin da aka ji da alƙaluman da masana abincin dabbobi suka daɗe da tabbatarwa. Ba a auna nauyin dabba ko madara da ma'auni ba.

Sakamako da Tattaunawa

Sanyi ba shi ne mai laifi ba

A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a Kano yakan sauka kusa da digiri 12 ko 13 a ma'aunin Selshiyos. Ga ɗan Adam wannan ɗari ne na kunna wuta, amma babbar saniya Bunaji ko Bokolo mai cike da ciki ba ta damu da shi ba, domin narkewar abinci a tumbi kanta tana ba ta ɗumi. Waɗanda iskar ke kayarwa su ne maruƙa, musamman waɗanda aka rage wa nono, sai ƙura da ke tsananta tari da ciwon ido. Shingen zana ta gabas da arewa da busasshen makwanci sun isa wannan. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, ya fi sanyin cutar da shanun da aka haɗa irinsu da na waje.

Wata safiya a wata ruga ta gefen Bunkure na tsaya ina kallon tatsa. An saki maraƙi ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, aka janye shi aka ɗaure a ƙafar uwarsa ta gaba. Matar ta tsuguna, ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Ba a jima ba ta miƙe, kumfar ko rabin ƙwaryar ba ta kai ba. Ta dubi maraƙin, ta dubi ƙwaryar, ta ce in ta ƙara matsa, shi za ta cuta. Wannan shi ne lissafin kowace safiya a rani, kuma a kan mata yake faɗawa, tunda kuɗin nono da man shanu nasu ne, da shi ake cefane. Lokacin da kindirmo ya fi tsada a birni, lokacin ne ƙwarya ta fi zama wayam.

Gonar da ba ta buɗewa

Ana yanke shinkafar damina a Oktoba zuwa Nuwamba. Alkama kuwa tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta ci moriyar sanyi, tumatir da albasa ma suna jiran dashe. Tsakanin girbi da sabuwar huɗa 'yan makonni ne. Daga nan garke ba shi da wurin taka ƙafa sai gefen kanal da hanyoyin mota da magudanan da ke kwashe rarar ruwa. Itatuwan gawo, waɗanda ke fitar da ganye da 'ya'ya a tsakiyar rani, ba su da yawa a filin da aka baje don ban ruwa. A ɓangaren Kumbotso kuma yankan filayen gini ne ke cinye makiyaya da burtali, shi ya sa masu shanun can suka koma sayen abinci a buhu da amalanke.

Karan shinkafa

A nan ne zan daɗe, domin a nan maganar take.

Masana sun yi ittifaƙi cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar kimanin kilo 6 da kwata na busasshen abinci a rana. Garke mai shanu 20 ke nan zai ci kilo 125 kullum, tan 22 da rabi a cikin wata shida. Shinkafa kuwa kusan yawan ƙwayar da ta bayar shi ne yawan karan da take bari. Idan kadada ta ba da tan 3, karan kadada bakwai ko takwas zai cika cikin wannan garke har faɗuwar ruwa. A yankin da ake noman shinkafa a dubban kadada, wasu ma sau biyu a shekara, ba a isa a ce babu abin da za a zuba wa dabba ba.

To me ke faruwa da shi? Wani kashi yana tafiya a hayaƙi. Na ga wannan a gefen Kura da yamma: tarin kara a inda aka yi bugu, an cinna masa wuta saboda gobe tarakta za ta shigo, garke kuma yana wucewa ta kan hanyar kanal, yaron da ke kora yana tare su da sanda kada su faɗa gonar albasa. Ban ga laifin manomin ba. Kara yana da girma ba nauyi, kwashe shi yana son 'yan ƙwadago a daidai lokacin da ƙwadago ya fi tsada, kuma kowace rana ta jinkiri alkamarsa ce ke biya. Wani kashin ana sayar da shi ko a bar wa Fulani su kwasa, kuma wannan yana ƙaruwa. Sai dai ko wanda ya isa bakin saniya ba ya yin aikin da ake zato.

Dalili kuwa shi ne sinadarin gina jiki da ke cikin karan shinkafa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, ga shi da yawan silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, wanda ke sa shi wuyar narkewa. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi, waɗanda su ne ke narka wa saniya ciyawa, suna bukatar kusan kashi 7 kafin su yi aiki sosai. In ba su samu ba, abinci yakan daɗe a tumbi, saniya ta rage ci, ta koma cin kitsen jikinta. Makiyaya suna da nasu bayanin: cikinta a cike, bayanta a bushe.

Maganin ba sabo ba ne, an daɗe ana yin sa a Indiya da Bangaladash da Sin. Ana narka kilo 4 na takin yuriya a cikin ruwa mai yawa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, ana shimfiɗawa ana tattakewa, sannan a rufe da leda ruf, iska ba ta shiga, tsawon mako biyu zuwa uku. Yuriyar takan rikiɗe ta zama iskar amoniya, ta sassauta zaren karan, sinadarin gina jikin ya kusan ninkawa. In an buɗe, a bar shi ya sha iska warin ya fita kafin a bayar. Dole a faɗi haɗarinsa da babbar murya: yuriya tsagwaronta guba ce, kada dabba ta sha ruwan jiƙon, kuma ba a ba ƙananan maruƙan da tumbinsu bai ƙosa ba.

An gwada wannan dabara a wurare da dama na Afirka ta mutu, galibi saboda babu ruwa a rani ko babu kara a wuri guda. Hujjata ita ce Kura da Bunkure sun fita daga wannan uzuri. Ruwa yana kanal, kara yana tare a masussuka, yuriya kuwa babu manomin shinkafar da bai san ta ba. Abin da ya rage shi ne injin ɗaure kara da zai kwashe shi cikin kwana biyu ko uku, da wurin ajiya, da wanda zai tsaya tsakanin manomi da makiyayi ya mai da abin sana'a. Rumbunan ciyawa na shukakken ganye da aka gwada a kudancin Kaduna a shekarun 1980 sun bukaci fili da shinge. A nan fili ne babu, don haka ba su ne amsar ba.

Masu turka ma abin ya shafe su. Babbar Sallah ta faɗo ranar 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025. Wanda ya sayi sa a kasuwar Wudil ko Ɗambatta don ya turke shi wata uku ko huɗu kafin Sallah, a tsakiyar tsadar harawa da dusa da ƙowa da ƙulin auduga zai yi kiwonsa. Kara mai yuriya ba zai maye gurbin dusa ba, amma zai rage yawan da ake saya.

Ciyawar bakin kanal

Ɗanyar ciyawar da ta rage a rani tana gefen magudanai da wuraren da kacala ta toshe ruwa ya kwanta. Nan ne mazaunin ƙaramar katantanwar da ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Dabba takan haɗiye ƙwayar tare da ciyawa, tsutsar ta yi wata uku zuwa huɗu kafin ta balaga a cikin hanta. Wadda ta ɗauka a Disamba sai a Maris ko Afrilu za a ga rama da kumburin ƙasan haɓa, a ce bazara ce. Yawancin magungunan tsutsa na kasuwa manyan tsutsotsi kawai suke kashewa, wasu kuma ba a shan nonon saniyar da aka ba sai bayan wani lokaci, don haka shawarar likitan dabbobi ta zama tilas.

Iyakokin Bincike

Za a ce ba a auna komai ba, kuma haka ne. Lissafin da ke sama na misali ne, an gina shi a kan alƙaluman da aka sani, ba a kan awon gonakin Kura ba. Ba a bi garken da ke tafiya kudu cin rani ba, ba a kuma ƙididdige ribar kara mai yuriya a farashin taki na yau ba, wanda zai iya rage kwaɗayin yin sa. Wannan bai taɓa ainihin hujjar ba.

Shawara

Shirin Bunƙasa Noma da Kiwo na Jihar Kano, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ya tallafa, ya sa hannu a cibiyoyin tattara madara da inganta irin shanu, shirin TRIMING na Bankin Duniya kuma ya gyara kanal-kanal. Saniyar da aka inganta irinta ta fi Bunaji ci, kuma ta fi ta saurin faɗuwa in abinci ya gaza. Kirana ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da shugabannin makiyaya, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, shi ne su zaɓi sashe guda a Kura da guda a Bunkure, su kai injin ɗaure kara kafin yankan shinkafa na Oktoba, su auna madarar shanun da suka ci da waɗanda ba su ci ba daga Disamba zuwa Mayu, su fitar da sakamakon da Hausa da Fulatanci.