Rabuwar Aure Cikin Sulhu da Matsayin Takarda: Nazari kan Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin raba aure cikin lumana a gundumomi uku na jihar Maraɗi, ta hanyar nazarin dokokin Nijar da fiƙihun Malikiyya. Hujjarta ita ce al'ada ba ta rasa dabarun sulhu ba. Abin da ke mayar da rabuwa rigima shi ne yarjejeniyar da aka bari a baki.

Shimfiɗar doka

Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Yunƙurin 1993 da na 2011 duk sun ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini. Tun dokar 62-11 ta 1962, zuwa ta 2004-50 da ta 2018-37, al'adar ma'aurata ce kotu ke bi a sha'anin aure da saki, tare da masu ba alƙali shawara kan al'ada. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi kuwa, al'adar ta cakuɗe da Malikiyya har da wuya a rarrabe su. Dokar 2015-01 ta bai wa sarakunan gargajiya ikon sasantawa da rubuta sakamakonsa, amma yanke hukunci na kotu ne.

Matakan sulhu

Kafin magana ta kai kotu, ta riga ta bi ta hannaye da yawa. Mace ta yi yaji, miji ya aika biko, waliyyai su zauna, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tanadi mai sulhu daga kowane ɓangare. In abin ya ƙi, sai gaban mai gari ko liman, sannan fadar sarki, a Tibiri ko Gazawa ko Agye. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa mace ta yi aure fiye da ɗaya a rayuwarta ba baƙon abu ba ne. Ke nan jama'a sun san yadda ake rabuwa ba tare da an yanke zumunci ba.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar tana fitowa bayan an tashi daga zaure. Ɗauki matar da aka saka a watan Agusta, geronta ya fara kai a gamana, wato ƴar gonar da mijin ya yanka mata. Gonar tasa ce, iri da noma nata. Dattawa sukan ce ta dawo da kaka ta ɗauki dammanta, kowa ya amsa da "to". Da kaka ta zo, an yi sabuwar amarya, shaidu biyu sun tafi cin rani Najeriya, maganar ta zama musu. A yankin da ƙasar noma ta yi ƙaranci, har mata da yawa ba sa samun gamanar ma, dammai goma ba ƙaramin abu ba ne: su ne abincin iddarta da jarin zawarcinta. Haka kayan ɗaki, gado da kwalla da akuyar da uwarta ta ba ta. Nata ne ba jayayya, amma in ba a lissafa su ranar rabuwa ba, akuyar ta haihu a garken miji, kuma ƴaƴanta sun ɓace a ciki.

Hul'i ya fi kowanne tsananin buƙatar rubutu. Mace na fansar kanta da mayar da sadaki ko abin da aka daidaita, sai dai wasu mazan kan haɗa da kuɗin lefe da duk ɗawainiyar biki, har adadin ya fi ƙarfin iyayenta. A ganina wannan zalunci ne da aka yi wa rigar sulhu, kuma mai sasantawar da ya yi shiru a kai ya taya.

Batun yara ma haka. Malikiyya ta bar wa uwa reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, alhali a aikace uba kan karɓe yaro tun yana kusan shekara 7. Yarjejeniyar da ta faɗi wurin zaman yaro, kuɗin ciyarwa a wata da ranakun ziyara ta fi wadda ta ce "a riƙa taimakawa".

Gudunmawar masana doka

Hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011-42 ta kafa domin taimakon marasa hali a shari'a, da ƙungiyar mata masana doka ta Nijar, aikinsu ya fi yawa a birane. Matar ƙauyen Gangara ko Cadakori kuwa kuɗin mota kaɗai na iya hana ta zuwa. Shawarar maƙalar ita ce a kawo taimakon zuwa zauren sarki: a horar da magatakardan fada, a ba su takarda mai gurabe na ranar saki, nau'insa, sadaki, kaya, amfanin gamana da reno, a karanta wa ɓangarorin biyu da Hausa kafin su dangwala yatsa. Mace ta riƙe kwafinta, a kai ɗaya kotun gunduma alƙali ya tabbatar, sannan a shigar da sakin a rajistar magajin gari.