Ƙabilar Ik: yunwa ba hali ba ce

Ik ƙaramar ƙabila ce a duwatsun arewa maso gabashin Uganda. Da aka kafa gandun dajin Kidepo, aka raba su da dajin farautarsu, sannan fari ya faɗo musu. Cikin wannan yunwa Bature Colin Turnbull ya zauna da su, ya wallafa littafi a 1972 yana cewa ba su san tausayi ba. Ƴan mishan da suka zo daga baya suka yi musu addu'a, suka koyi harshensu. Terrill Schrock ya fitar da ƙamusunsa a 2017. Ni da na koyar a Maraɗi cikin yunwar 2005, na shaida: ba a auna tarbiyyar yaro ranar da ya kwana bai ci ba.