Jarrabawar Tantance Malaman Firamare ta Jihar Kaduna (2017)

Jarrabawar tantance malaman firamare ta Jihar Kaduna gwaji ne da gwamnatin jihar ta shirya wa malamanta a shekarar 2017, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, ta hannun hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, mai hedkwata a birnin Kaduna. Manufar ita ce gano malaman da ba su iya abin da suke koyarwa ba, a birni da karkara.

Tambayoyin daga darussan aji huɗu na firamare aka ciro su, kuma sai malami ya sami kashi 75 cikin ɗari kafin a ce ya ci. Cikin malamai kusan 33,000 da suka zauna, 21,780 sun faɗi. Gwamnati ta sallame su, ta kuma sanar da ɗaukar sababbi 25,000. Gwamnan ya wallafa wasu takardun amsoshin a shafukan sada zumunta, inda jama'a suka ga kurakuran rubutu da na lissafi.

Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta yi watsi da sakamakon, tana cewa horo ya kamata a ba malaman maimakon kora. Ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018, sannan ta janye cikin watan.

A shekarar 2022 hukumar SUBEB ta sake sallamar malamai 2,357 bayan wani gwajin.