Ruwan Kainji da Ɗakin Tsoho

 

'Yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne goggona. Shekara huɗu ke nan tana jinyar kakanmu a Yelwa, tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu, ita ke wanke shi. Da na kawo shawarar a ɗauko mai jinya a riƙa biyansa, sai wani kawuna ya ce kakanninmu ba su san wannan ba. Wannan magana ta sa na koma ga tarihi.

Gaskiya ne ba su sani ba, amma kawu bai faɗi dalili ba. Kafin a gina madatsar ruwa ta Kainji, tsakanin 1964 da 1968, Gungawa suna zaune a tsibiran kogin Kwara, suna noman albasa da kamun kifi. Gida gandu ne: uba da 'ya'ya da matansu da jikoki, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Idan tsoho ya kwanta, hannuwa goma ne a kansa. Wannan ta kai ruwa, wancan ya kwana a bakin ƙofa, ba wanda nauyin ya danne shi kaɗai.

Da tafkin ya cika, an tashi mutane kusan 44,000 daga ƙasashen Yawuri da Borgu. Tsohuwar Bussa ta nutse, haka tsibirin Foge. Gwamnati ta gina sababbin ƙauyuka da gidajen siminti, waɗanda mutane da dama suka yi kukan zafinsu, har wasu suka riƙa ƙara ɗakunan ƙasa a gefe. Gonakin bakin ruwa sun tafi. Daga baya boko da aikin albashi da ci-rani suka kwashe samari zuwa Sakkwato da Kaduna da Legas. Ba na ɗora wa madatsar laifin komai, domin gandu ya watse har a garuruwan da ruwa bai taɓa ba. Amma a nan abin ya faru a kan idon tsara ɗaya. Aikin da mutum goma suke yi ya koma kan mace ɗaya, mu kuma muna aiko gaisuwa ta waya.

Shin neman taimako saɓa wa iyaye ne? Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta yi umarni da kyautata musu idan tsufa ya riske su, ta hana ko da nuna ƙosawa. Wadda ba ta yi barci ba kwana uku, yaya za ta tsare harshenta? Magabata ba su bar gida shi kaɗai ba. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar (RA) ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya yanka masa abin masarufi daga Baitul Mali. Nuruddin Zangi ya gina asibiti a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina nasa a Alƙahira a 1284, duka da dukiyar waƙafi ake tafiyar da su.

Ni ban goyi bayan a kai kaka gidan gajiyayyu ba. Irin na Shahuci a Kano mafaka ce ta wanda ya rasa kowa, shi kuwa yana da jikoki sun fi ashirin. Abin da muka yi a ƙaramar Sallar da ta wuce shi ne muka zauna a zaure da takarda. Na birni suka ɗauki kuɗin magani da albashin wani dattijo mai zuwa da safe ya yi masa wanka, abin da ma ya fi dacewa da suturarsa. Na gida suka raba kwana. Goggo ta samu Alhamis da Juma'a, ta je Ngaski ta ga 'yarta karo na farko cikin shekara biyu. Kawu bai ce ya yarda ba, amma daren Litinin nasa ne, kuma bai taɓa fashi ba.