Daga Hukuncin Likita zuwa Allon Shawara

Tun daga shekarar 1894, sa'ad da likita William Halsted na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya bayyana irin tiyatarsa ta sankarar mama, wadda a cikinta ake cire nono ɗungurungum haɗe da naman ƙirji da kaluluwar hammata, har wajen shekara tamanin bayan haka, al'adar da ta kafu a Amurka ita ce likita ya yanke hukunci, mace kuwa ta sallama. Akan sa mata maganin barci da nufin a yanki ɗan nama a duba. In aka tarar cutar ce, sai a zarce da aiki nan take, ta yadda ba za ta san abin da aka zartar a kanta ba sai ta farfaɗo ta shafa ƙirjinta. Kai, ko sunan cutar ma ɓoye shi ake yi, domin binciken Donald Oken na 1961 ya nuna kusan tara cikin goma na likitocin da ya tambaya ba su faɗa wa majiyyaci yana da sankara.

Wata 'yar jarida, Rose Kushner, wadda cutar ta kama a 1974, ta ƙi amincewa da wannan tsari, ta yi ta jayayya da manyan masana har aka fara raba ranar bincike da ranar tiyata. Amma hujjar da ta karya tsohuwar fatawa daga likitocin kansu ta fito, domin Umberto Veronesi a Milan cikin 1981, da Bernard Fisher a Amurka cikin 1985, sun tabbatar cewa idan cutar ba ta yi nisa ba, cire sashen da ƙullutun yake kaɗai a bi shi da gashi bai rage tsawon rai ba in an kwatanta da cire nonon duka.

Da hanya ta rabu biyu, alhali kowace tana da dalilinta, sai nauyin zaɓi ya faɗo a kan wadda a da ba a ko tambayarta, kuma wasu likitoci suka ji tsoron kada waswasi ya cinye ta. Lesley Fallowfield ta duba lamarin a Ingila, ta bayyana a 1990 cewa matan da likitocinsu ke ba da zaɓi sun fi sauran kuɓuta daga baƙin ciki mai tsanani. A Kanada kuma Timothy Whelan na jami'ar McMaster ya jarraba wani allo da likita ke buɗe wa mace gaɓa-gaɓa, ana nuna mata amfani da illar kowace hanya. Sakamakonsa na 2004 ya nuna ilmin matan ya ƙaru, ruɗaninsu ya ragu, sun kuma fi gamsuwa da abin da suka zaɓa. Fargabar cutar dai allon bai rage ta ba, kuma a ganina ba adalci ba ne a nemi haka daga gare shi; abin lura shi ne bai ƙara ta ba, alhali ƙara fargabar shi ne zargin da aka daɗe ana fakewa da shi don a hana mata bayani.