Gahawa da Kofi: Baƙo Ɗaya, Ƙofa Biyu

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya sauya zaman ƙasar Kura da Bunkure. Ruwa ya kawo alkama da shinkafa da tumatir, su kuma suka jawo 'yan ƙwadago da dillalai da direbobi, mutanen da ke sammako kuma suke kai dare. Teburin mai shayi ya zama matattararsu. A kan teburin nan akwai wani garin da ake kira kofi, wanda galibin masu shansa suke ɗauka abin Nasara ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tarihi bai goyi bayan wannan ɗauka ba.

Asalin itaciyar kofi daga tsaunukan Habasha yake. Sufayen Yaman ne aka fara sani da shansa a ƙarni na 15, domin ya taimake su raya dare da zikiri, kuma suna kiransa ƙahwa. Ya bazu har mahukuntan Makka suka hana shansa a 1511, ko da yake hanin bai ɗore ba.

Wannan kalma ta Larabci ta shigo Hausa sau biyu. Shigowar farko ita ce gahawa. Abin lura shi ne, kalmomin da suka biyo ta hannun malamai, irin su alƙali da alƙalami, sun riƙe harafin ƙ, amma gahawa ta zo da g, kamar yadda Larabawan Sahara ke furtawa. Wannan alama ce cewa daga bakin fatake aka tsince ta, irin mutanen Tarabulus da Gadamus da suka zauna a Kano. Duk da haka gahawa ba ta zama abin kowa ba, domin goro ya riga ya tare gurbin. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya kwatanta matsayin goro a nan da na kofi ko shayi a Turai.

Shigowa ta biyu ta teku ce. Turkawa suka mai da kalmar kahve, mutanen Holan suka ce koffie, Ingilishi ya ara, Bahaushe ya ce kofi. Garin da ke narkewa nan take kuwa, kamfanin Nestlé ya fitar da nasa a 1938 da sunan Nescafé.

Saboda haka Bahaushe ya raba abu guda gida biyu. Gahawa ta alhazai ce da Larabawa, ana kurɓarta da dabino, da ƙamshin Makka a jikinta. Kofi kuwa maganin barci ne na direba da ɗalibi. Ya kamata masu tsara ƙamus su haɗa kalmomin biyu a bayani ɗaya, malamai kuma su riƙa kafa misali da su, don ɗalibi ya gane cewa ƙofar da aro ya shigo ta ita ke yanke masa daraja a idon jama'a.