Taura Biyu: Tarihin Gardamar Na'urar Kowane Faifai da Na'urar Kiɗa Zalla

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu ƙera na'urorin sauti da masu sayensu. Shin na'ura guda wadda ke karɓar kowane irin faifai, na kiɗa da na majigi, tana iya fitar da sauti mai kyau kamar wadda aka ƙera domin kiɗa zalla? Waɗansu sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Waɗansu kuwa sun ce wannan magana ce ta 'yan kasuwa masu son mutum ya sayi akwati biyu maimakon ɗaya. Ba a iya yanke hukunci sai an koma ga asalin abin.

Cikin 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta, a jikin wani gwangwani mai juyawa. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe, da na'urar da Hausawa suka sani da sunan garmaho. Wannan faifai, mai juyi 78 a minti guda, shi ya yi mulki har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ko da ya ke fuska guda ba ta wuce waƙar minti 3 zuwa 5.

Rikici na farko ya tashi cikin 1948, sa'ad da kamfanin Columbia ya fitar da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda fuskarsa guda ke ɗaukar fiye da minti 20. Da shekara ta kewayo, RCA Victor ya mai da martani da ƙaramin faifai mai juyi 45. Mai saye ya rasa na kamawa, gama kowane faifai da tasa na'urar. Maƙera suka warware matsalar da garmaho mai gudu uku. Amma zanen tsohon faifai ya fi na sabo faɗi kamar ninki uku, saboda haka aka sa allura biyu a kai guda, ana juya wadda ake bukata. Tun daga nan masu tsananin son sauti suka fara ƙorafi, suna cewa kai mai allura biyu bai kai mai allura guda iya bin zane ba. Watau gardamar ta girmi faifan lambobi da shekaru masu yawa.

Cikin 1982 Sony na Japan da Philips na Holan suka kawo faifan CD. A nan ba allura, hasken leza ne ke karanta lambobi. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ana rubuta kowane awo da bit 16. Ba da ka aka zaɓi adadin ba. Kunnen matashi lafiyayye ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, lissafi kuwa ya nuna awo ya isa muddin ya zarce ninki biyu na kaɗawar da ake son kamawa. Da farko na'urar CD ba ta da wani aiki sai kiɗa.

DVD ya fito a Japan cikin 1996 domin majigi, kuma na'urarsa tana karanta CD. Sa'an nan rikici na biyu ya ɓarke. Cikin 1999 Sony da Philips suka fitar da SACD, mai auna sauti sau 2,822,400 a daƙiƙa da bit guda. Cikin 2000 wani rukuni, ciki har da Panasonic da Toshiba, ya kawo DVD-Audio, wanda ke kai wa awo 192,000 da bit 24. Na'urar wannan ba ta karanta ainihin sautin wancan. Abin da ya faru a 1949 ya sake faruwa, maganin ma iri ɗaya ne: kamfanoni irin su Pioneer suka fara sayar da na'ura mai karɓar duka. Bayan fitowar Blu-ray cikin 2006 aka ƙara mata wannan nauyi, har kamfanin Oppo ya yi suna da irinta tun daga 2009.

To, mene ne hujjar masu goyon bayan na'urar kiɗa zalla? Hujjojinsu uku ne, kuma ba na banza ba ne. Na farko, sashen hoto yana aiki da sauri ƙwarai, yana kuma iya zubar da hayaniyar lantarki cikin sashen sauti idan suna shan wuta daga tushe guda. Na biyu, batun agogo. Dole a mai da lambobi sauti a kan lokaci daidai, ba gaggawa ba jinkiri. Na'urorin DVD da yawa suna da babban agogo mai bugu miliyan 27 a daƙiƙa domin hoto, daga gare shi ake ciro na sauti, alhali na'urar CD tana da agogon da aka yanka daidai da 44,100. Na uku, kuɗi. Abin da aka kashe wajen hoto da lasisin fasahohi iri iri, an rage shi ne daga sashen da ke mai da lambobi sauti. Maƙeran da kansu sun amsa wani ɓangare na zargin, tun da suka sa maɓallin da ke kashe sashen hoto sa'ad da ake jin kiɗa.

Masu ɗaya ra'ayin suka ce duk wannan gaskiya ne a takarda, amma tambayar ita ce ko kunne yana ji. Lambobin da aka karanto daga faifai mai lafiya iri ɗaya ne ko wace na'ura ta karanta su, domin tsarin yana gyara kurakuransa. Idan kuma aka tura lambobin ta waya zuwa amfilifaya, can ne ake mai da su sauti, na'urar faifan ta zama ɗan aike kawai. Inda bambanci ke iya shiga shi ne idan ita ce ke yin juyin da kanta, nan ma na'urar kowane faifai mai kyawun ƙira ta sha fin ta kiɗa zalla mai araha a wajen awo.

Gwaji mafi shahara bai kwatanta na'urorin biyu kai tsaye ba, amma ya taɓa tushen gardamar. Cikin 2007 Brad Meyer da David Moran na Boston suka buga sakamakon wani bincike. An kunna wa masu saurare SACD da DVD-Audio, wani lokaci yadda su ke, wani lokaci an rage su zuwa matsayin CD, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Cikin gwaji 554 an dace sau 276, watau kamar mai jefa kwabo. Masu suka sun ce waɗansu fayafayan da aka yi amfani da su daga tsofaffin ɗauka aka yi su. Cikin 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya haɗa bincike 18, ya sami dacewa kashi 52.3 cikin ɗari, ta kuma ƙaru ga waɗanda aka horar da kunnensu. Ashe bambancin yana nan, amma ƙanƙane ne. Idan tazarar da ke tsakanin fayafayan kansu ta yi wuyar ji haka, ba abin mamaki ba ne ta tsakanin na'urori biyu masu kyau ta yi wuya. Abin da kunne ke kamawa nan da nan shi ne lasifika, da yanayin ɗaki, da yadda aka tace ɗaukar tun a situdiyo.

Kasuwa ba ta jira masana sun gama ba. Jama'a suka koma ga MP3, daga baya ga sauraro ta intanet. DVD-Audio ya dushe, SACD ya rage ga 'yan tsiraru, musamman masu son kiɗan gargajiyar Turai. Cikin 2018 Oppo ya ba da sanarwar daina ƙera na'urorinsa. A ƙasar Hausa ma, sa'ad da finafinai suka bar kaset suka koma faifai, ƙaramar na'ura mai cin VCD da DVD da CD ita ta shiga gidaje, saboda sauƙin kuɗinta.

Darasin da ya rage ya shafi ɗalibi da ma'aikacin da aka damƙa wa ajiyar kayan tarihi. Faifai ba ya magana sai da na'urarsa. Waƙar da aka ɗauka a garmaho ko a DVD-Audio tana iya zama lafiya lau a kan kanta, amma ta zama bebiya ranar da na'urar ƙarshe mai karanta ta ta lalace. Ta wannan fuska na'urar kowane faifai, wadda aka raina saboda haɗa aiki, ita ce mabuɗin ɗakuna da yawa. Gidan rediyo ko ɗakin karatun da ke da irinta ya kamata ya kula da ita, ya kuma kwashe abin da ke cikin fayafayansa tun tana aiki.